Muryar Yaya a Sakan Goma Sha Biyu

Litinin, ƙarfe 11 na safe

Kwana shida ke nan ina kan wannan kujerar roba. Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta lokutan maganin Yaya, sai ga shi ina zuba masa wani abu daban, don in ban amayar da abin da ke cikina ba zan iya fashewa. Gado shida ne a ɗakin nan na asibiti, taga biyu, ɗaya ba ta buɗuwa. Soket ɗaya tak ke aiki, shi ma yana bayan gadon wani tsohon direba da ke ganin kamar wajen kakanni ya gaje shi. Kafin in sa caja sai na gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, na saurari labarin babbar motar da ya tuƙa shekara talatin.

Likita ya sa ranar aiki, Alhamis ta makon jibi. Ya faɗi sunan ciwon, ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da na riƙe kawai shi ne Yaya zai rayu in Allah ya yarda, amma muryarsa ba za ta fito daga ɗakin tiyata tare da shi ba.

Yaya mai gyaran firji ne, ba mawaƙi ba. Ni ne mai kiɗa a gidanmu, in dai abin da nake dannawa a waya bayan na tashi daga shagon fotokwafi ya isa a kira shi kiɗa. Injiniya yake kirana, don tsiya. An hana shi yawan magana, saboda haka rubutu yake yi a takarda. Yau ya miƙo mini: “Injiniya, akwai waƙar Barkono. Ka ɗauka, ka sa mata kiɗa kafin Alhamis ɗin.” Barkono ’yarsa ce, shekararta shida, bakinta ne ya jawo mata sunan. Na ce masa an gama, kamar wanda ya san abin da yake yi.

Talata, ƙarfe 2 na rana

Mun ɗauka. Na jira sai da aka ci abinci kowa ya yi laushi, na ajiye wayar a kan matashi dab da bakinsa, ni kuma na je na tsare ƙofa, saboda matar da ke tura keken kwanuka tana da wata taya mai kuka kamar an taka wutsiyar kare. Na roƙe ta minti biyar, ta ba ni, tana harara.

Daga ƙofa nake jiyo shi. Muryar ta dushe, amma tasa ce. Waƙar shirin makaranta ce da ya ƙirƙira wa yarinyar, ni ban taɓa jin ta ba: ina takalmin hagu, ina fensir, wa ya shanye shayi. Baiti bakwai. Yana gama kowane baiti sai ya yi shiru, dogon shiru, har in ce ya tsaya ke nan, sai ya ɗora. Kowane shirun nan sai da ya soke ni. Mutumin da ke ɗaga firji shi kaɗai, yau numfashin waƙar yara ya gagare shi.

Minti huɗu da sakan goma. Da ya gama ya yi tari a hankici, na karɓa na ninke ban buɗe ba. Sista mai kula da ɗakin ta leƙo ta ce in ta ƙara jin waƙa daga gadon nan, ni za ta kora.

Laraba, ƙarfe 9 na safe

Ga matsalar, bari in rubuta ko kaina zai sarara. Manhajar da nake haɗa kiɗa da ita tana da gurbi goma sha shida, kamar gidajen dara. Kowane gurbi ana zuba masa sauti ɗaya, sai ka jera su yadda kake so su biyo juna. Amma kowanne sakan goma sha biyu kawai yake karɓa. Ka ba shi goma sha uku, ya datse wutsiyar ba sallama. Akwai babbar yayarta da ba ta da wannan iyaka, sai dai ba ta hawa wayata, wai ta tsufa. Sauran manhajojin da na gwada, ɗaya ta daskare, ɗaya ta sa wayar zafi har ana iya guga da ita.

Na matse kiɗana gaba ɗaya, ganga da jita da duk wani ƙyale-ƙyale, na mai da shi sauti ɗaya mai zagayawa a gurbi guda. Saura goma sha biyar. Goma sha biyar sau goma sha biyu, minti uku cif. Waƙar Yaya ta fi haka da sakan saba’in, kuma ba ni da inda zan sa su.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma

Matar Yaya ta zo daga makarantar da take koyarwa, kamar kullum, huɗu zuwa shida. Awa biyun nan ne kaɗai nawa a duniya. Situdiyon abokina yana can ɗaya ƙarshen gari, zuwa kawai awa ɗaya da rabi ne. Ta ce, “To ka tura masa ta waya mana, ya haɗa maka.” Na ce ni Yaya ya ba aikin, ba wani ba. Ta ce, “Allah ya ba da sa’a, Injiniya.” Ita ma ta koya.

Juma’a, ƙarfe 3 na rana

Na gwada dabarar ’yan hannu. Ka sa sautin ya yi gudu ninki biyu, sai sakan ashirin da huɗu ya koma goma sha biyu, ka shigar da shi gurbi, sannan a ciki ka ja masa birki ya dawo daidai. A ganga tana aiki. A muryar mutum kuwa, abin da ya fito kamar wani ne ke waƙa daga cikin tankin ruwa, haƙoransa na kaɗawa. Na sa wa Yaya iyafis a kunne. Ya saurara, ya zaro ido, ya rubuta: “Wannan aljanin fa, a ina ka samo shi?” Ya yi dariya har ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, sai da na ruga na kira Sista.

Ba zan ƙara ba shi dariya ba.

Asabar, ƙarfe 12 na rana

Taga ɗaya. Soket ɗaya. Kunne ɗaya na iyafis ya mutu.

Lahadi, ƙarfe 10 na safe

Na ce bari in nemo layin da ya maimaita, in yi amfani da gurbi ɗaya sau biyu. Babu. Yaya ko “Barkono” ba ya faɗa iri ɗaya sau biyu, nan ya ja, can ya lanƙwasa. Da ma haka yake a shago, firji biyu masu ciwo ɗaya sai ya yi musu gyara daban-daban.

Tsohon direba ya tambaye ni me nake dannawa tun safe kamar mai ƙirga tasbaha. Na yi masa bayani. Ya ce, “Yo ai kamar lodi ne, ɗana. In kaya sun fi mota, sai ka duba me ke cin wuri a banza. Kwali ne, iska ce a ciki. Ka fitar da iskar.” Na ce masa kiɗa ba lodi ba ne. Amma maganar ta zauna mini.

Litinin, ƙarfe 1 na rana

Na samu! Na buɗe waƙar a abin yanka sauti, wanda ke zana murya kamar haƙoran zarto: inda aka ɗaga murya zanen ya yi tsayi, inda aka yi shiru ya kwanta ya zama layi. Shirun nan bakwai ne, kowanne kusan sakan goma. Ga saba’in ɗina nan kwance, ni kuma ina ta wahala.

Ɗakin ba ya sauraruwa yau. An kawo sabon mara lafiya, danginsa sun kai goma, ga rediyon direba, ga kunnen iyafis ɗaya. Da ido na yanka. Duk inda layi ya kwanta na datse, na haɗa bakin da bakin. Buɗewa gurbi ɗaya, kowane baiti gurbi biyu, goma sha biyar daidai wa daida, kamar an auna.

Kuma in faɗi gaskiya, ba don wuri kaɗai na ji daɗi ba. Yanzu ba mai jin waƙar nan ya ce mara lafiya ne ya rera ta. Baiti na bin baiti ba haki, ba tsayawa. Na mayar wa Yaya numfashinsa. Yau na ji ni Injiniya ne na gaske.

Talata, ƙarfe 8 na safe

Wayar ta ce babu wuri, ta ƙi ajiye aikin. Hotunan gwaje-gwajen Yaya sun cika ta, su kuma ba su goguwa, likita na tambaya kullum. Na share abin da na ga na gama da shi.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

Saura mako guda. An ƙara wani gwaji, an huda hannun hagu don na dama ya ƙi ba da jini. Yau ko raɗa da ƙyar. Ya rubuta, “Waƙa fa?” Na ce saura shafe-shafe, ranar Lahadi zai ji, tare da mai waƙar. Sista ta yarda a shigo da Barkono minti goma, bayan na yi mata alkawarin fotokwafin takardun ɗanta har ya gama makaranta.

Na ƙara wa kiɗan wata ’yar sarewa a ƙarshe. Ni kaina na san ya yi daɗi, ba yabon kai ba.

Asabar, ƙarfe 11 na safe

Mai shagon fotokwafi ya kira, ya ce injin ya ci takarda kuma ba wanda ya iya cirowa. Na ji kamar in yi fiffike. Ban taɓa zaton zan yi kewar warin tawada ba.

Lahadi, ƙarfe 6 na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta shigo da kitso sabo, ta haye gadon, ta leƙa bakin ubanta ta ce, “Abba, wai an ce ka daina surutu? To wa zai riƙa yi mini faɗa?” Duk ɗakin aka yi dariya. Na cire iyafis, na ƙure ƙarar waya, na danna.

Tana jin buɗewar ta miƙe tsaye a kan gado. Baitin farko ya ƙare da “ina takalmin hagu?”, ta cika ƙirji da iska, ta buɗe baki: “Kyanwa ta—” Sai muryar Yaya ta hau kanta da baiti na biyu. Ta tsaya. Ta jira. Na biyu ya ƙare, ta sake buɗe baki, ya sake take ta. A na uku ta yi ƙoƙarin yin sauri, kalma biyu ta samu. A na huɗu ba ta gwada ba. Ta zauna, ta kalli wayar, ta kalli ubanta, ta ce, “Abba ba ya jirana.”

Amshi ne. Shirun nan ba haki ba ne, wurinta ne ya bar mata. Shi ya yi tambaya, ita ta ba da amsa, haka suke yi kullum a kan babur a hanyar makaranta. Ni kuma na zo da ilimina na fitar da iska daga kwali.

Yaya bai kalle ni ba. Silin yake kallo.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Na ce wa matar Yaya abu ne mai sauƙi, shiru ai ba ya cin gurbi, sai in ja baitocin nesa da juna, kiɗa ya cike tsakani. Muna tsaye a baranda wajen famfo. Ta ce, “Ba shiru yake yi ba fa. In tana amshi magana yake mata ƙasa-ƙasa, yana kaɗa yatsa. Kowane baiti da abin da yake ce mata. Ya rubuta mini cewa ya sa su duka ranar da kuka ɗauka. Ba ka ji ba?”

Ban ji ba. Ina bakin ƙofa ina faɗa da taya. Raɗa kuma ba ta tashi a zane, kwanciya take kamar ba komai.

Ta ce, “To ba sai ka koma kan ta asalin ba?” Na ce eh. Na wanke hannuna da ba abin da ya taɓa, na daɗe ina wankewa.

Talata, ƙarfe 7 na safe

Na duba kwandon shara na waya. Na duba sau tara.

Talata, ƙarfe 2 na rana

Na rubuta a nan makon jiya cewa na share abin da na gama da shi. Ta asalin ce. Minti huɗu da sakan goma, ita ce mafi nauyi a wayar, na ga ai na kwashe abin amfani. Ban tura wa kowa ba, don kada a ce wani ya taya ni. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona ba ne ma, na Yaya ne.

Na gwada jan baitocin. Yana gama tambaya sai muryar ta ɗauke ɗif, kamar an ɗauke wuta, kiɗana kaɗai ke ta rawa a fili. Ba mutum a wurin. Yarinya za ta yi amshi ne ga ganga.

Jibi ne aikin. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunya, ban san wanne ya fi ba.

Laraba, ƙarfe 10 na safe

Na faɗa masa. Na durƙusa a gefen gadon don kada direba ya ji, duk da na san kunnensa kamar na zomo ne. Na ce, “Yaya, na yi ɓarna. Maganganun da ka yi mata a tsakani, na yanke su, kuma na goge ta asalin. Ba su dawowa.”

Ya daɗe yana kallona. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya jawo takarda ya rubuta: “Gurbi nawa ya rage?” Na ce babu ko ɗaya, goma sha biyar muryarsa, ɗaya kiɗa. Ya ɗaga gira, ya ci gaba da kallona, irin kallon da yake wa mai firjin da ya ce bai taɓa komai ba.

Kwana goma sha biyar na yi ina gina kiɗan nan. Ganga, jita, ’yar sarewata. Na danna gurbin kiɗan na riƙe don in goge shi, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Sista ta ce ba ta gani ba, ba ta ji ba, ta juya baya tana gyara ƙarin ruwan wani. Direba da kansa ya kashe rediyo, ya daka wa baƙin gadon ƙarshe tsawa: “Ku yi mana shiru, ana aiki!” Wannan karon ban je ƙofa ba. Na riƙe wayar da hannuna, kunnena dab da bakinsa.

Sau ɗaya ya iya. Ya kaɗa yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana numfashi, sai ya ce, da abin da ya rage masa, “Yauwa, ’yar Abba. Ina jinki.” Ya ci gaba da kaɗawa har manhajar ta datse da kanta. Na ce ko za mu ƙara wani, in matse wani baitin in samo wuri. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya girgiza kai.

Na sa gurbin nan ɗaya a duk tsakani bakwai. Ban yanke masa ko rabin sakan ba.

Alhamis, ƙarfe 8 na safe

Sun tafi da shi. Na bi keken har ƙofar da ba a wucewa.

Alhamis, ƙarfe 3 na rana

Ya fito. Alhamdu lillahi. Likita ya ce an yi nasara, kuma na san abin da yake nufi da abin da ba ya nufi.

Asabar, ƙarfe 12 na rana

An sallami direba. Ya bar mini soket, ya ce in riƙe amana. Yanzu ina da wuta yini guda, ba ni da abin haɗawa.

Lahadi, ƙarfe 6 na yamma

An sake shigo da ita. An gargaɗe ta kada ta taɓa bandejin wuya, ta zauna a ƙarshen gado da hannuwa a cinya kamar baƙuwa. Yaya ya yi mini alama da ido. Na danna.

Ba kiɗa, muryarsa ce kawai a ɗakin. “Ina takalmin hagu?” Ta ɗan yi jim, tana tsoron a sake take ta. Sai ta ji kaɗa yatsa. Ta ce, a hankali, “Kyanwa ta ɗauka, Abba, kyanwa ta ɗauka.” Wayar ta ce yauwa, ’yar Abba, ina jinki. A baiti na biyu ta saki murya. A na uku har da tsalle, Sista na daga nesa tana yi kamar tana karanta fayil.

Da aka gama ta juyo kaina, ta tsuke fuska.

“Baffa, me ya sa Abba yake ta faɗin abu ɗaya? A wurin shayi ba haka yake cewa ba.”

Uwarta ta fara cewa ai waya ce, haka take yi. Na tare ta. Na ce, “Ni ne, Barkono. Ya faɗa, ni na yanke ban sani ba.”

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, “Kai Baffa, ba ka iya aiki ba.” Na ce gaskiya ne. Ta ce in mayar wurin shayin. Na mayar. Muryar Yaya ta tambayi wa ya shanye shayi, ta amsa cewa ƙuda ne, sannan ta kumbura kumatu, ta sauke murya can ƙasa kamar ta ubanta, ta nuna kanta da yatsa ta ce, “Ƙarya kike, ga madara nan a gemunki!”

Yaya ya yi dariya. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na ga haƙoransa, na ga ruwa na bin gefen idonsa, gadon har motsi yake. Ba ƙara ko kaɗan. Barkono ta tsaya tana kallon bakinsa, tana jira ta ji.

Na ba uwarta wayar, na fita baranda na yi kukan da nake bin kaina tun ranar da muka zo.